Yadda Aka Raba Idanun Kawu Bulus

Ciwon idon nan da ake kira Afolo ya wuce, mutane har sun mayar da shi abin wasa. A tasha idan wani ya sa baƙin tabarau sai a tambaye shi ko daga duniyar wata ya sauko, tunda sunan kumbon da ya je can aka sa wa ciwon. Mu a gidanmu ba ma wannan dariyar. Ciwon da ke sakin mutane cikin mako guda, mu wata da watanni ya zauna mana. Na ce bari in faɗi yadda aka yi, don idan ya sake zagayowa kada wani gida ya bi hanyar da muka bi. Amma in faɗa tun yanzu, akwai wuraren da ni kaina har yau ban gane ba.

Kawu Bulus ƙanen mamata ne, aikinsa zane da kalar ruwa. Yana da wani ɗan akwatin ƙarfe, a ciki kaloli ne a daskare kamar alawa. Zai jiƙa buroshi a ruwa, ya shafa, ya ɗora a farar takarda, kafin ka ankara ga dutsen Kagoro ya fito har da girgijen da ke zaune a kansa. Ma'aikatan reluwe suna saye, turawan mishan ma haka. Amma abin da ke ciyar da gidan koyarwa ce. Ba shi da makaranta guda tasa, zagaye yake yi. Yau Madakiya, gobe Godogodo, jibi wata a nan Kafanchan, kowace ta sallame shi da abin da ya samu. Ranar da bai je ba, babu.

Ni sunana Ishaya. Ban gama firamare ba na bari. An kai ni wurin tela na gudu, an kai ni gareji na gudu, na bi wata mota har Jos na dawo da ƙafa. Da mamata ta gaji sai ta tura ni wurin Kawu, aikin kuwa ya yi mini, don ba a kwana biyu a wuri ɗaya. Ni ke ɗaukar allo da takardu da gwangwanayen ruwa da tsumman goge buroshi.

Da ciwon ya shigo gari, kowa ya ce ta kallo ake ɗauka. Ka haɗa ido da mai shi, shi ke nan ya kama ka. Wasu makarantu suka ce a dakatar da baƙi, kada a kawo musu. Kawu ya ce shi ba zai zauna ba, akwai dabara. Ya sayi baƙin tabarau wurin Malam Sule mai tebur a bakin tasha. Ya fitar da yara daga aji zuwa gindin mangwaro, ya jera su suna kallon daji, shi kuma ya tsaya a bayansu yana magana. Ba wanda zai kalli wani. Hedimastoci suka ga abin da hankali, suka yarda. Ta bayan kai yake miƙa wa yaro buroshi, yaro ya gama ya miƙa wa na kusa. Tsumma ɗaya ne, yana yawo hannu zuwa hannu. Tabarau kuma yana ɓata masa kala, shuɗi ya koma kamar toka, don haka kowane lokaci sai ya ɗaga shi ya leƙa, ya share gumin ido da wannan tsumman, ya mayar.

Ranar wata Litinin ya tashi idanunsa a manne da kwantsa. Sai da matarsa, Anti Rifkatu, ta jiƙa da ruwan ɗumi suka buɗe, jajur kamar an zuba jini. Ya ce ji yake kamar an cika masa su da yashi. Kafin yamma ni ma na kamu, washegari Anti ta kamu.

Muka tafi asibitin gari. Ban taɓa ganin layi irin wannan ba. Mutane tun daga baranda har bakin titi, kuma kowa kansa a sunkuye, ba mai kallon wani, sai ƙafafu kake gani. Idan an matsa gaba, takalmin na gabanka kake bi. Rana ta yi tsaka kafin mu samu kati, ta karkata kafin mu shiga. Disfensan da ya duba mu ya gaji sosai, amma shi kai tsaye yake kallon idon kowa, babu tabarau. Kawu ya tambaye shi ko ba ya tsoro. Ya ce ai ba a ɗauka ta kallo. Ta hannu ne, da tawul, da duk wani ƙyalle da ya taɓa ido. Ya tambayi Kawu aikinsa, da ya ji, sai ya ce to kada yara su haɗa kaya. Na juya na kalli Kawu. Muka fito. A bakin ƙofa ya ce in na je gida in ƙona tsumman.

To a nan kaina ya fara ɗaurewa. Idan ta tsumma ne, ke nan mu muka ɗauko a wata makaranta muka kai wata, muna ta juya wa juna baya a banza? Ko yaran ne suka ba mu? Ban sani ba. Disfensa dai ya ba mu ɗan man ido a tub irin na man goge haƙori, ya ce a riƙa sawa, kada a zuba komai bayan shi, zai tafi da kansa.

Nawa da na Anti suka tafi kamar yadda ya faɗa. Na Kawu ya ƙi. Shi ma dai bai huta ba, akwai zanen tasha da wani injiniya ya ba shi, yana zama a kai hawaye na ɗiga a takarda, har sai da idanun suka kumbura suka rufe.

Labari ya kai Madakiya, sai ga Kaka. Ita ce uwar Kawu, uwar mamata. Ta zo da ƙunshin ganye a kai, ko hutawa ba ta yi ba ta fara daka. Anti Rifkatu ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo ruwa, sannan cikin ladabi ta ce asibiti sun hana a zuba komai. Kaka ta amsa da yarenmu, wai da wannan ganyen ta wanke idon yaran da ta haifa duka, ba wanda ya makance, kuma lokacin da take wanke wa Bulus ido ba a haifi mai maganar ba. Anti ta ce ba ta musa ba, amma wannan ciwon sabo ne. Kaka ta ce idon dai tsoho ne. Aka kwana biyu a haka. Ba faɗa da ihu ba, amma tuwo ma ba ya shiga a gidan.

Kawu yana kwance a ɗaki da jiƙaƙƙen ƙyalle a fuska, yana jin komai. Rana ta uku ya kira mu duka. Ya ce shi idan ya sayi sabuwar kala bai san halinta ba, ba ya gardama da kowa, raba takarda yake yi biyu, ya gwada nan ya gwada can.

"Ido biyu Allah ya ba ni," in ji shi. "Na dama na Rifkatu da asibitinta. Na hagu na Mama. Kowa ya tsaya a nasa."

Na yi dariya, na zaci wasa ne. Ba wasa ba ne. Kuma abin mamaki, gida ya yi sanyi. Da safe Kaka ta shiga da ƙoƙonta ta matse ganye a hagu, ta fito, Anti ta shiga da tub ta shafa a dama. Maƙwabta da suka ji suka ce Ticha akwai basira. Har wani dattijon coci ya ce irin hukuncin nan sai masu ilimi.

Mako na biyu maganar abinci ta taso, don ba ya zuwa makarantu, kuma an fara cewa za a ba wani malamin aikin hannu lokacinsa, yara su koma saƙar tabarma. Sai Kawu ya ce ni zan je. Na ce Kawu, ni da na gudu daga aji ta taga? Ya ce ai ba a aji ake yi ba, gindin mangwaro ne, babu tagar da zan bi. Kowace yamma zan zauna kusa da gadonsa ya faɗa mini darasi ido a rufe, in maimaita har ya zauna. A fara da kala mara ƙarfi, mai duhu daga baya. A bar farin takarda a inda haske yake, don idan an rufe shi ba ya dawowa. Kada a taɓa wuri sai ya bushe. Kowane yaro ya zo da ƙyallensa da gwangwaninsa daga gida. Da safe in hau kekensa ko in bi motar kasuwa, in tsaya gaban yara ina faɗin maganar da ba tawa ba. A Godogodo yaran suka sa mini suna Ticha Ƙarami. Wata yarinya ta tambaye ni me ya sa inuwar bishiya ba baƙa ba ce, na ce ta jira mako mai zuwa.

Idan na dawo sai in baje zanensu a tabarma in riƙa ba shi labarin kowanne. Wannan ya cika ruwa takarda ta kumbura. Wannan ya yi wa akuya ƙafa kamar turmi. Zai tambaye ni koren da yaro ya sa, na ganyen rogo ne ko na sabuwar ciyawa, ni kuwa kore dai kore ne a wurina. Sai ya yi tsaki ya ce in fita in kalli rogo in dawo.

A cikin wannan makon idon hagu ya fara sacewa, ya buɗe, jan ya ragu. Na dama kuwa sai gaba yake yi. Kaka kuwa, tafiyarta ma ta canza a tsakar gida. Masu zuwa dubiya daga ƙauye suka koma da labari cewa ganye ya ka da asibiti. Anti ta rame. Kuma kowa ya zo da nasa maganin. Wannan ya ce ruwan sukari, wancan ya ce nonon mai jego, wata ta ce ruwan albasa, wani ya ce fitsarin safe. Wani tsohon soja ma cewa ya yi ruwan batir, wai da shi suka yi a fagen yaƙi. Kawu ya ce a gode musu duka, idanunsa biyu ne kuma an riga an raba.

Ga abin da na gani da idona. Wata safiya na shiga ɗaukar akwatin kala, na tarar Anti ta gama shafa man a dama, ta waiga, ta yi sauri ta shafa a hagu ma. Da ta gan ni sai ta ce, "Ishaya, ba ka ga komai ba." Na ce to. Bayan 'yan kwanaki motar Godogodo ta lalace a hanya na dawo da wuri, Anti tana kasuwa. Na tarar da Kaka ta ɗora kan Kawu a cinyarta, tana ɗiga wani abu a idon dama. Ba daga ƙoƙon ganye ba, daga wata 'yar kwalba ce da ban taɓa gani ba. Kawu ya damƙe bakin gado, jijiyar wuyansa ta tashi, amma bai hana ta ba. Kaka ta ɗago ta gan ni. Mijinta take kirana, irin wasan kaka da jika.

"Mijina mai ƙafar yawo, yau ka dawo da wuri," ta ce. "In zauna ina kallo wannan idon yana mutuwa don an ce ba nawa ba ne? Dukansu ni na haifa."

Na tambaye ta mene ne a kwalbar. Ta ce wata mata ce a ƙauye ta ba ta, mai ƙarfi ne, na idon da ya yi taurin kai. Sau nawa ta zuba kafin ranar, ban sani ba. Ko idon ya riga ya lalace kafin ta fara, ban sani ba. In faɗa wa Anti, gida ya kama da wuta, kuma ita ma ina riƙe da nata. In yi shiru, ga ido. Na yini ina zagaya layin dogo, na dawo ban yanke komai ba.

Ba a ɗauki lokaci ba abin ya yanke kansa. Kawu ya daina jure haske ko kaɗan, ko ƙofa aka buɗe sai ya juya bango. Da Anti ta ɗaga fatar idon sai ga wani farin ɗigo a tsakiyar baƙin, kamar ƙwayar acca. Muka koma asibiti, wannan karon likita da kansa ya duba, ya ce ba aikin nan ba ne, mu tafi asibitin ido a Kano, kada mu kwana biyu.

Keken Kawu ya tafi a wannan tafiyar, da akuyar Kaka. Matan zumunta na cocinmu sun haɗa abin da suka haɗa, Ubangiji ya saka musu. Injiniyan nan ya biya zanen tasha ko da ba a gama ba. Malam Sule mai tabarau ya rako mu har cikin jirgi, ya kwatanta mana gidan ƙanensa a Fagge, ya ce mu sauka can, kuma mutanen nan sun riƙe mu kamar 'yan'uwa. Waɗanda suka fi kowa yawan shawarar magani kuwa, ranar haɗa kuɗin jirgi ba mu ga ko ɗaya ba. Mu huɗu muka tafi, don Kaka ta ce ba za a bar ta ba, ita da ba ta taɓa wuce Zonkwa ba.

Likitan Kano ya daɗe yana haska idon. Ya ce "ulsa" ce. Na ce a raina ulsa ba a ciki take ba? Nas ta bayyana mana cewa gyambo ne ya fito a kan baƙin idon, yana cin sa. Likita ya ce Afolo kaɗai ba ya yin haka, yana so ya san duk abin da ya shiga idon nan. Anti ta ce man asibiti ne kawai, ta fito da tub ɗin. Kaka ta kalli ƙasa, ta ce ita nata na hagu ne, ga shi nan garau. Likita bai gane ba, sai da nas ta sake tambaya aka yi masa bayanin rabon. Ya cire gilashinsa ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya. Bakina ya buɗe, Kawu ya taka mini ƙafa. Likita ya juya wurinsa ya ce ai shi ne mai idon, shi zai fi kowa sani.

"Likita," in ji Kawu, "idona a rufe yake. Ban ga kowa ba."

Aka kwantar da shi. Allura, ɗigon magani dare da rana, bandeji. Anti ke kwana a wurinsa, ni ke kai abinci daga Fagge, Kaka kuwa zama take yi a baranda tun safe, ba ta shiga sai an kira ta. Wata rana na tarar da ita da Anti suna cin ƙosai a takarda ɗaya. An yi ta fargabar za a cire idon gaba ɗaya. A ƙarshe gyambon ya warke, idon ya tsira a wurinsa, amma hakiya ta rufe shi. Yana gane rana da dare da shi, shi ke nan.

A jirgin dawowa, da matan suka yi barci wajen Zariya, na matsa kusa na ce, "Kawu, kai fa ka ji abin da aka zuba maka. Me ya sa ba ka hana ba? Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya kalli waje da idon mai lafiyar. Sannan ya ce, "Ido ɗaya na rasa, Ishaya. So kake in ƙara da uwa, ko da mata?"

Har yau a Madakiya cewa ake ganye ya ceci hagu, asibiti ya kashe dama. A zumuntar mata cewa ake da ba don man Anti ba da duka biyun sun tafi. Ni da na ga komai ban san wanda ya yi aiki ba, ban san wanda ya yi ɓarna ba, wataƙila na hagun ma da kansa ya warke kamar nawa. Abin da zan iya faɗa wa mutane kaɗan ne. Ba ta kallo ake ɗauka ba, ku raba tawul da ƙyalle. Abin da ba ku san sunansa ba kada ya shiga ido, ko wa ya kawo. Kuma idan mutum biyu suna son ka, kada ka raba musu jikinka don a zauna lafiya, ba wanda zai tsaya a iyakarsa.

Da sabon zango ya kama, Kawu ya ce zai koma da kansa. Godogodo muka fara, a motar kasuwa tunda babu keke. Ban taɓa ganin ya taɓa buroshi ba tun Kano, kuma na san abin da ke ransa, don a hanya ko gaisuwar mutane da kyar yake amsawa. Yara suka zauna a gindin mangwaro, wannan karon suna fuskantarsa. Ya kafa allo yana kallon tudun da ke bayan makaranta. Ya kai buroshi zai tsoma a gwangwani, sai ya sauka a gefe, cikin ƙasa, don ido ɗaya ba ya auna nisa. Ya sake, ya sake kuskurewa. Ba yaron da ya motsa. Na miƙa hannu zan matso da gwangwanin, ya ce in bari. Ya kama bakin gwangwanin da hannun hagu, ya bi yatsansa da buroshin har cikin ruwa. Haka ya yi da takardar ma, ɗan yatsa ya fara taɓawa, buroshi ya biyo.

Ya daɗe fiye da yadda ya saba. Da ya gama yara suka taso suka kewaye, hedimasta ya ce madalla, Ticha ya dawo. Kawu bai kula shi ba. Ya jira aka watse, ya kira ni.

"Kai ka yi wata biyu kana kallo a madadina. Faɗa mini gaskiya, ya yi?"

Na duba. Kalolin nasa ne, koren rogo daban, na ciyawa daban, yanzu ina ganewa. Amma wani abu ya canza, na rasa sunansa. Na ce, "Kawu, tudun kamar ya matso. Da can yana nesa, yanzu kamar yana bayan bishiyar nan."

Ya kalli tudun, ya kalli takardar, ya sake kallon tudun.

"Nan yake yanzu," ya ce.

Ya sa sunansa a ƙasa, ya ce in wanke buroshi, gobe Madakiya.